Ta ina zan fara tsara manhajar ƙaramar hukumarmu?

Ɗan Gulbi ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora mini, wanda da farko na ɗauka na wata uku ne, amma yanzu na gane ya wuce abin da na koya a aji. Na yi karatun kwamfuta a nan Maraɗi, kuma wata ƙaramar hukuma ta karkara da ke kudancin jiha, kusa da iyakar Najeriya, ta nemi in tsara mata manhajar da za ta haɗa littattafai uku a wuri guda: littafin haihuwa da aure da mutuwa, littafin lanho, wato haraji, da kuɗin kasuwa, da kuma takardun gonaki. Niyyar shugabanninta mai kyau ce, domin suna so talaka ya daina zarya sau uku daga ƙauyensa a kan takarda ɗaya, kuma suna so su san ainihin abin da yake shiga baitulmali a ranar kasuwa.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne, ranar da na isa ofishin na tarar da kwamfutoci uku a ɗakin ajiya, an lulluɓe su da wani tsohon zane, ƙura ta rufe zanen. Da na tambaya sai aka ce wani shiri ne ya kawo su shekarun baya, aka yi horo na kwana biyar, aka yi aiki da su na ƴan watanni, daga nan aka canza wa wanda ya san kalmar sirri wurin aiki, batirin hasken rana kuma ya mutu, kowa ya koma ga littafinsa da alƙalaminsa. Ba na so nawa aikin ya ƙare a ƙarƙashin wannan zane.

Na yi gwaji da sunayen ƙauye ɗaya. Na shigar da su daga littafin lanho, na ce na'ura ta nemo mini su a littafin haihuwa, amma waɗanda ta gane kaɗan ne ƙwarai. Mutum ɗaya Mahamadou ne a wannan littafi, Mamane a wancan, Maman a na uku, a ƙauye kuwa ba wanda ya san shi sai da Ɗan Ladi. Dattawa da yawa ba su da ranar haihuwa, an rubuta musu shekara kawai, ita ma da ƙiyasi. Ga shi abin da aka koya mini shi ne kowane mutum ya kasance da suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lamba ɗaya, kowace gona kuma da mai ita ɗaya.

Tambayata ita ce, shin in tsaurara manhajar ta yadda dole mutane su gyara bayanansu su dace da ita, ko kuwa ita ce za ta bi yadda mutane suke? Shin a daina takarda gaba ɗaya? Kuma mai gari, wanda har yanzu ta hannunsa ake karɓar lanho, a bar shi a cikin tsarin ko a ce kowa ya biya ta waya kai tsaye? Wanda ya taɓa zama a teburin ofishin magajin gari ya taimake ni, don Allah.

Tsohon Magatakarda ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka gina, domin yawanci sai gini ya tsage ake neman mu. Na yi aikin rajistar haihuwa tun kafin a kafa ƙananan hukumomi, kuma ina nan aka yi zaɓen 2004, aka wayi gari da ƙananan hukumomi 265 a ƙasa, da yawansu ba su da ko ɗakin kansu, sai littattafan da suka gada rabi da rabi. Saboda haka zan tsaya a kan littafin haihuwa, wanda shi na sani.

Ka fara da wannan: a wurinmu jariri ba ya da suna sai ranar bakwai. Mace takan haihu a asibiti ta koma gida washegari, a ba ta ƴar takarda wadda gurbin suna yake fanko, a ce idan an yi suna mijinta ya dawo. Shi kuwa ranar suna ta wuce, baƙi sun watse, damina ta kama, ba zai sake tuna takardar ba sai ranar da malamin makaranta ya ce yaro ba zai zauna jarrabawa ba. A lokacin wa'adi ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 na sanar da haihuwa, kuma wannan sauƙi ne babba, amma kwana 60 ba ya amfanin wanda ba a tuna masa ba. Idan manhajarka ta ƙi buɗe shafin yaro sai an cika gurbin suna, to ta rufe ƙofa a daidai lokacin da uwa da jariri suke gaban ma'aikaci. Ka bari a buɗe shafin ranar haihuwa da sunan uwa da na uba da ƙauye, sannan duk mako ta fitar da jerin jariran da suka wuce kwana bakwai ba a kawo sunansu ba, a miƙa wa mai gari. Babu sunan da ake raɗawa a ƙauye ba da sanin mai gari da liman ba.

Game da sunaye, kada ka nemi gyara su, ka yi musu gurabe da yawa. Akwai sunan yanka, akwai yadda aka rubuta shi da haruffan Faransanci a takarda ta farko, akwai laƙabin da aka san mutum da shi, sannan sunan uba da na kaka da na uwa. Rubutun takardar farko shi ne doka ta sani, ko da ka ga an rubuta Chaibou kai kuma ka san Shu'aibu ne, kada ka taɓa shi, domin harafi ɗaya idan ya saɓa tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta yana iya tsayar da yaro shekara guda. Na'ura ta nemo masu kama da juna ta jera, amma ɗan Adam ne zai ce wannan da wannan mutum ɗaya ne, kuma ya fi kyau ya faɗa a gaban mai gari.

Na tuna wata mata da ta zo da ɗanta na fari, yaro ɗan shekara goma sha biyu. Wani sabon ma'aikaci ya tambaye ta sunan yaron har sau uku, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ba ta ce uffan ba. Ya ɗauka ba ɗanta ba ne, har ya fara ɗaga murya. Na taso na kira yaron gefe na tambaye shi da kansa, na tambayi maƙwabciyar da ta rako su, aka gama cikin minti biyu. Kunyar ɗan fari ce, kuma haka za ta yi idan ka tambaye ta sunan mijinta. Duk wanda zai zauna gaban kwamfutarka ya san wannan, ita ma manhajar ta tanadi gurbin wanda ya ba da bayani da dangantakarsa da mai takarda.

Shekarun da aka ƙiyasta ka bar su a matsayin ƙiyasi, ka sa musu alama. Dattijo zai ce maka an yi masa aure shekara biyu bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu suke kira El-Buhari, kuma wannan ya fi gaskiya a kan 1 ga Janairu da ake liƙa wa kowa. Idan doka ta tilasta a buga wata rana a kan takarda, a buga, amma a cikin rumbun a san cewa ƙiyasi ce, don kada wata rana na'ura ta ɗauki tsofaffi biyu masu suna ɗaya ta mai da su mutum ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna a cikin bayaninka. Ka ce za a haɗa littafin haihuwa da na lanho. Tun zamanin Turawa mutanenmu sun san cewa ƙidaya ita ce gaban haraji, shi ya sa magidanci yakan rage mutanen gidansa idan ya ga mai littafi. Ranar da labari ya bazu cewa na'urar da take rubuta jariri ita ce take lissafin lanho, za ka ga haihuwa ta ragu a littafi alhali ba ta ragu a ɗaki ba. Ka raba su: teburi daban, ma'aikaci daban, rana daban. Littafin takarda mai sa hannu kuwa ya zauna, shi ne uwa, kwamfuta ƴar rakiya ce har sai ta yi shekaru tana nuna amana. Mai gari ma ya zauna, da ɗan gari akan ci gari.

Hajiyar Asusu ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, ɗana. Malam Magatakarda, Allah ya ƙara girma, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ina da ƙari a kan maganar biya ta waya, da kuma wani wuri ɗaya da nake ganin mata za su faɗi ta ƙasan ƙwarya idan ba a lura ba.

Na shekara da shekaru ina aiki da ƙungiyoyin asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a nan jiharmu a 1991, kafin tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mafi yawan matan da suka fara shi ba su yi boko ba, amma kuɗinsu bai ɓata ba, saboda ana zubi a gaban kowa, ana ƙirga kuɗi da murya a kan tabarma, akwati yana da kwaɗo fiye da ɗaya kuma makullan suna hannun mata daban-daban. Amanar ta fito ne daga ganin ido da jin kunne. Idan kana so a yarda da manhajarka, ka tambayi kanka me mutum zai gani da idonsa, me zai ji da kunnensa, bayan ya ba da kuɗinsa.

Waya kuma ba kamar yadda kake zato take ba. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun mai gida, kuma da an gama girbi ya tafi ci-rani Kano ko Legas ko Agadas da ita. Wanda yake kusa da iyaka yana da layi biyu ko uku, na nan da na Najeriya, yana canzawa gwargwadon inda ya sami sabis. Lambar da ka rubuta masa bana, baɗi wani ne yake riƙe da ita. Saboda haka kada lambar waya ta zama ita ce shaidar mutum, kuma kada ka aika da saƙon da ya shafi aure ko saki ko gado ta waya, domin ba ka san wa zai karanta wa mai shi ba. Sau da yawa yaro ɗan makaranta ne ko mai cajin waya a bakin kasuwa.

Ga wani abu da na gani da idona. An aiko wa wata mai sayar da ƙuli-ƙuli saƙo cewa ana bin ta 500. Jikanta ya karanta mata lambar da Hausa, ya ce ɗari biyar. Ta zauna ta dafa kai, domin mu da dala muke lissafi, ɗari biyar a kunnenta jika biyu da rabi ne, alhali abin da ake nufi dala ɗari ne kawai. Kwana biyu ba ta fita kasuwa ba. Duk rasit da duk saƙon da zai fita daga manhajarka ya faɗi kuɗi iri biyu, da lambar sefa da kuma yadda ake faɗa a baki, idan da hali ma da murya, tunda saƙon murya kowa ya iya sauraro. A kasuwannin bakin iyaka kuma ka tuna ana ciniki da naira, canji yana hawa yana sauka, kuma a nan ne ake cin ƴan kasuwa idan ba a rubuta da wane kuɗi aka karɓa ba.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne, idan komai sai ya bi ta hannun mai gida da mai gari, akwai waɗanda ba za su taɓa isa ofis ba. Macen da aka sake ta, ta koma gidansu da goyo, mijin ya riƙe takardar iyali. Macen da mijinta ya shekara biyu bai dawo ba. Macen da take cikin kulle, ba za ta zauna gaban baƙon namiji ba. Ka tanadi hanyar da uwa za ta sanar da haihuwar ɗanta da kanta, ko ta hannun ungozoma, kuma yaro ya kasance da shafinsa na kansa wanda zai bi shi duk gidan da ya koma. A kuma samu mace ɗaya a teburin, ko da ranar kasuwa ce kawai.

Mai Auna Gona ya rubuta:

Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Ƙanena, ni ta ɓangaren filaye zan yi magana, domin na yi aiki da kwamitin kula da filaye, wanda aka fi sani da COFO, kuma ina roƙonka da ka bar takardun gonaki su zama na ƙarshe a cikin aikinka. Kuskure a takardar haihuwa alƙali yana gyarawa, kuskure a kan gona kuwa yana iya kai wa ga jini. Mu a wannan jiha ba mu manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, kuma bayan wannan ne aka kafa dokar karkara ta 1993, wadda ta haifar da waɗannan kwamitoci tun daga ƙauye har zuwa gunduma.

Ka ce an koya maka kowace gona da mai ita ɗaya. Bari in ba ka misalin gona guda. Gandu ne na gado, ba a raba ba, ƴaƴa bakwai suna da haƙƙi, babban wa ne yake riƙe da shi. A gefen gabas an yanka wa matarsa gamana tana shuka gyaɗa da wake. Kusurwar arewa an ba da ita jingina shekara huɗu da suka wuce saboda kuɗin magani, kuma ranar da aka mayar da kuɗin za ta dawo. Wani baƙo da ya zauna a ƙauyen an ba shi aron wani yanki, yana nomawa amma ba ya dasa itace. Gawon da yake tsakiya akwai masu haƙƙin ƴaƴansa. Da an saki gonaki bayan girbi, makiyayi yana da damar shigowa da dabbobinsa, kuma burtali ya bi ta gefen yamma. Idan manhajarka tana da gurbi ɗaya tak na mai gona, sunan babban wa ne zai shiga, kuma da wannan rubutu ka shafe haƙƙin mutum goma sha wani abu ba tare da ka sani ba. Ranar da ya sayar, takardarka ce za ta zama hujjarsa.

Dokar ma ta san da wannan, shi ya sa takardun kwamitin suke iri-iri: ta mallakar gargajiya, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina. Saboda haka ka gina rumbun a kan haƙƙoƙi, fili ɗaya ya ɗauki haƙƙi da yawa, kowanne da mai shi da irinsa da wa'adinsa da shaidunsa. Ka fara da abin da yake na kowa, wato burtali da makiyaya da mashaya da rijiyoyi, domin su ne ake ci da kaɗan-kaɗan kowace damina, kuma masu su ba sa nan lokacin da ake aunawa. Bafulatani ko Buzu da ya yi arewa da dabbobi a watan shuka ba zai zo ya yi jayayya ba. Dole a jira dawowarsa, kuma a yi masa bayani da harshensa.

Na'urar auna fili tana ba da lamba, amma lambar ba ta san iyaka ba. Iyaka tana wurin maƙwabta huɗu da suka taka ƙasa tare, suka nuna gamba ko kututturen da kakanninsu suka bari. Kada manhajar ta karɓi awo sai an rubuta sunayen waɗanda suka tsaya, kuma kada ta rufe shafi sai an yi shela a ƙauye da gidan rediyon yankin an ba da lokacin ƙorafi. Ka kuma tanadi matsayi na fili mai jayayya, wanda za a iya barinsa haka shekara da shekaru ba tare da na'ura ta matsa a zaɓi ɓangare ba. A jihar da ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan uku da dubu ɗari huɗu, kuma gonaki suke ƙara tsukewa a kudu, irin waɗannan filaye ba za su yi kaɗan ba.

Injiniya Sabon Gari ya rubuta:

Na amfana da bayanan magabata, kuma ba ni da abin cewa a kan sunaye da gonaki. Amma abokina, ina so in ja hankalinka kada ka fita daga wannan zaure da tunanin cewa duk abin da ka tarar ana yi daidai ne. Wani abin al'ada ce da ta cancanci girmamawa, wani kuwa ɓaraka ce da wasu suke ci a cikinta. Tikitin kasuwa da ake yagawa biyu a sayar wa mutum biyu ba al'ada ba ce. Idan manhajarka ta bi komai yadda yake, to ba ta da amfani, kuma ka sani tun yanzu cewa akwai wanda zai so ta mutu, ba don bai iya ba, sai don ta toshe masa hanya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai karɓar kuɗin da ya yi wata da watanni ba a biya shi ladansa ba, da wuya ya kawo duk abin da ya tara. Ka sa lissafin ladan mai karɓa da kason mai gari ya fito a fili a cikin manhajar, kowa ya ga nasa, sai ka sami masu kare ta a maimakon masu yi mata zagon ƙasa.

Wannan darasi ba sabo ba ne. Tun 1951 wasu masu bincike biyu a Ingila, Trist da Bamforth, suka nuna yadda sababbin injunan haƙar kwal suka kasa ba da abin da ake tsammani, saboda sun wargaza ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata da suka saba aiki tare. Na'ura da tsarin zaman mutane tare ake tsara su.

Ta fuskar kayan aiki kuwa, ka gina ta yadda za ta yi aiki babu intanet, ta aika bayanai idan sabis ya samu. Ka tuna watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da take zuwa mana daga Katsina ta Gazawa, yadda birni kansa ya koma karɓa-karɓa, balle ƙauye. Kuɗin sauya batiri da tawadar buga takarda su shiga kasafin ƙaramar hukuma tun shekarar farko, in ba haka ba ranar da mai tallafi ya tafi aikin ya tafi. Kalmar sirri kada ta zauna a kan mutum ɗaya. A watan Afrilu na 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, kuma ko ba wannan ba, ma'aikata kullum cikin canji suke, saboda haka ka horar da aƙalla mutum uku, har da ɗan garin da ba a yi masa canji. Kwafin bayanai ya kasance a wuri biyu, kuma mallakar ƙaramar hukuma ne, ba naka ba, ba na kamfani ba. Ka karanta dokar kare bayanan mutane, wadda aka fara kafawa a 2017, ka kuma nemi HAPDP, hukumar da take kula da wannan doka, kafin ka tara sunan kowa, domin jerin masu bashin lanho idan ya faɗa hannun ɗan siyasa makami ne. Allon manhajar kuma ya kasance da Hausa tare da Faransanci, da haruffa masu lanƙwasa, tunda kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ɗan Gulbi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai wa babban magatakardan ofishin waɗannan shawarwari jiya, kuma mun amince a fara da littafin haihuwa kaɗai, a ƙauyuka biyar da asibiti ɗaya, har tsawon damina da rani guda, kafin a taɓa kuɗin kasuwa. Gonaki mun ajiye su sai mun zauna da kwamitin filaye. Na kuma nemi izinin in zauna mako biyu a bayan teburin rajista ba tare da kwamfuta ba, in ga masu zuwa da abin da yake mayar da su gida hannu wofi.

Saura abu ɗaya da ban warware ba. Hajiya ta ce uwa ta iya sanar da haihuwa da kanta, Baba kuma ya ce jerin jarirai ya bi ta hannun mai gari. Idan uwa ta ba da suna ta hannun ungozoma, daga baya uba ya zo da wani suna daban, ko da wani rubutu daban, wanne manhajar za ta riƙe?

Tsohon Magatakarda ya rubuta:

Wannan yana faruwa, ɗana, musamman idan an sa wa yaro sunan kaka, uwa ta ba da sunan da take ɓoye shi da shi, uba kuma ya kawo na yanka. Kada na'ura ta zaɓa, kuma kada na biyu ya goge na farko. Ta riƙe duka biyun, da sunan wanda ya kawo kowanne da ranar da ya kawo, ta hana buga takarda, ta sa shafin a cikin jerin da za a kai ƙauye. Idan ma'aikaci ya je, ya tambayi limamin da ya raɗa sunan a gaban uba da wata babbar mace daga ɓangaren uwa, ya rubuta na yanka a gurbin suna, ɗayan kuma a gurbin laƙabi. Kafin ya sa hannu ya karanta sunan da ƙarfi sau biyu, ya nuna wa wanda ya iya karatu a gidan yadda aka rubuta shi harafi bayan harafi. Ka sa manhajar ta fara nuna gargaɗi tun shafin yana da kwana 40, don a samu kwana 20 na zuwa ƙauye kafin wa'adi ya cika, kuma idan damina ce ka ƙara lissafa ranakun da gulbi yake hana babur wucewa.